Lilon Salla da Ruwan Shuka

A shekarun da nake faɗa, ƙaramar Salla tana faɗowa ne a bakin damina. Mu yi azumi cikin zafin bazara, leɓe ya tsage, rijiya ta ja baya, sannan a ga wata daidai lokacin da kowa ya ɗaga kai yana duban gabas ko hadari zai taso. Damina biyu a jere sun ba mu kunya. Ta farko ruwa ya ɗauke lokacin da gero yake bunni. Ta biyu muka yi shuka sau uku, sau uku tana ƙonewa. Ɗan irin da ya rage na zuba a tulu, na liƙe bakin da laka, na tura ƙarƙashin gadona, don kada yunwa ta sa mu dafa shi.

Gidanmu yana wani ɗan ƙauye ta wajen Beli. Maigidana ya riga mu gidan gaskiya, saura ni da ɗana da matarsa da 'yarsu. Cikin goman ƙarshe na azumin nan matar ta sake haihuwa, tana ɗaki tana jego.

'Yar tasu sunana aka sa mata. Don haka ubanta ba ya iya kama sunan, sai ya ce Inna ƙarama, uwarta ma haka. Ni takwara nake ce mata. Ita kuwa tsohuwa take ce mini, sai in tana son wani abu a wurina ta lanƙwasa murya ta ce Kaka. Shekararta bakwai, amma in ka gan ta sai ka ce biyar. Da amosanin jini aka haife ta, wanda 'yan asibiti ke kira sikila. Ido ruwan ɗorawa, ƙafafu kamar sillen kara. Rana ta doke ta, ta kwanta. Ruwan sama ya taɓa ta, ta kwanta. In ciwon ya tashi sai ta ce mini, "Kaka, ana daka a cikin ƙafata." Jiki Allah bai ba ta ba, amma ya ba ta baki.

To, duk ƙaramar Salla akwai wani mutum daga wajen Karaye da yakan kawo lilo filin kasuwar Rogo. Ba irin na igiya da yara ke ɗaurawa a reshen tsamiya ba. Wannan na katako ne, ƙato, kamar ƙafar keke aka tsayar a kan dirkoki huɗu, da akwatuna huɗu a rataye, kowanne da irin fentinsa. Maza biyu ke juya shi, ɗaya ya ɗane ya rataya ya jawo da nauyin jikinsa, ɗaya ya tura daga ƙasa. Akwatin da ke ƙasa ya tashi da yara, ya tashi, ya tashi, har ya wuce rufin rumfunan kasuwa, sannan ya gangaro. Ranar jajiberi ake kafa shi, ya yi mako guda.

Takwara ba ta taɓa ganinsa ba. A bakin 'ya'yan maƙwabta ta ji, tun azumi yana da goma ta ɗauko maganar.

"Tsohuwa, kin taɓa hawa lilo?"

"Ni da ko kan turmi na taka jiri nake ji?"

"To ni zan hau. In na sauko na ba ki labari, ki daina zama cikin duhu."

"Iska ce za ta ɗauke ki daga can, ki faɗa tukunyar mai ƙosai."

"Sai ki huta da wanda ke cinye miki goro." Ta matso. "Kaka. Za ki kai ni?"

Na ce in Allah ya kai mu Salla, zan kai ta. Ban taɓa yi wa yarinyar nan alkawarin wani abu ba kafin wannan, don kullum ban san yadda za ta wayi gari ba. Ranar bakina ya riga ni.

Washegarin Salla muka tafi. Uwarta ta yi mata kitso, na ƙunsa mata lalle, aka sa mata rigar da aka ɗinka da ragowar atamfar suna. Na goya ta. Da muka hango gari ta ce in sauke ta, kada a ce wai ita jaririya ce.

Sama fes, ko ƙyallen gajimare babu. Tun daga nesa muka ji kukan katakon, da ihun yara duk sanda akwati ya kai ƙoli. Da muka shiga filin sai na ga layin masu jiran hawa. Layin ya taso daga gindin lilo, ya wuce rumfunan mahauta, ya zagaye durumin tsakiyar kasuwa, ya miƙe har bakin hanyar mota. 'Yan Beli, 'yan Yola da Daura na ƙasar Karaye, 'ya'yan Fulanin rugage da sandunansu, kowa ya zo. Rashin ruwa ne ya tara su. Da an yi ruwa, da rabin mutanen nan suna gona. Da ba a yi ba, babu mai aikin yi sai yawon Salla.

Muka bi layi. Takwara ta tsaya, wuyanta a ɗage, ba ta ko ƙiftawa. Ba a daɗe ba na ga leɓenta ya yi fari, hannunta ya yi sanyi cikin nawa, ga rana kamar ta dafa ƙwai. Na ɗauke ta na kai ta rumfar wata mata mai sayar da kunun zaƙi, wadda ke fuskantar lilon. Na gaishe ta, na ce don Allah ta bar mini jikata ta zauna a inuwa. Ta shimfiɗa mata buhu, ta ce, "Je ki, Iya, ai ɗa na kowa ne a nan."

Na koma na shiga layi ni kaɗai, tsohuwa da furfura a tsakiyar yara. Suka samu abin yi.

"Iya, ke ma hawa za ki yi?"

"Iya, ki ɗaure zani da kyau, can sama akwai iska."

"Koren akwatin za ki shiga, Iya, shi ne na amare."

Na ce da mai maganar, "Na goyi wanda ya girmi ubanka, ɗan nema. Matsa gaba." Suka yi ta dariya, muna ja, muna ja, har na iso durumi, har na wuce shi.

Sai aka kira azahar. Mai lilo ya tsayar da lilonsa. A filin nan in za a tafi salla, kowa yakan cire takalmi ɗaya ya ajiye a gurbinsa, sai ka ga layin takalma babu mutane. Na cire nawa na roba na ajiye, na shiga wani gida na roƙi ruwa na yi salla. Kafin in fito samarin gari, waɗanda ba su je ko'ina ba, sun share takalman gefe sun tsaya a gaba. Nawa na tsince shi can wajen mahauta, kife. Na koma baya na sake farawa. Har aka kira la'asar ban kai inda na baro ba, mu kuwa dole mu kama hanya da sauran rana.

Na ratsa mutane na je wurin mai lilon. Mutum ne kakkaura, ya fara furfura a gemu, rigarsa jiƙe da gumi. Na ce, "Ɗan nan, sannu da aiki. Ga jikata can a rumfa, ba ta da lafiya, ba ta iya tsayuwar rana. Ka taimake ni ka ɗora ta sau ɗaya."

Ya dubi inda na nuna, ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Iya, wallahi ba ƙi na yi ba. Dubi bayanki. In na tsallake da ita, yanzu kowa zai ce nasa ma ba shi da lafiya, su hau mini lilo su karya. Bara haka aka yi, har aka fasa wa wani yaro kai." Ya goge fuska da bakin riga. "Bari in gaya miki yadda abin yake. In rana ce, kin ga yadda ake. In hadari ya taso, kowa gudu yake, ni ma ba na juyawa cikin iska. Amma washegarin ruwa, filin nan daga ni sai awaki. Ranar ki kawo ta da hantsi. Ta hau har sai ta ce ta gaji."

Na ce, "Kana nan?"

Ya ce, "Har mako ya cika, in Allah ya yarda."

A hanya na gaya wa takwara. Na zaci za ta yi kuka. Ba ta yi ba. Ta kwantar da kai a bayana ta ce, "Ashe ruwa kawai muke jira."

Daga ranar ta zama mai gadin sama. Gari duk ruwa ake roƙo, maza a masallaci, mata a tsakar gida, ita ma ta ɗaga 'yan hannuwanta. Ubanta ya ce, "Inna ƙarama, a sa mu a addu'a." Ta ce, "Kowa ya roƙi nasa. Naku na gero ne, nawa daban." Kwana biyu hadari yana haɗowa da yamma, iska ta zo ta watsa shi. Ta riƙa shigowa tana kawo mini rahoto. "Tsohuwa, ya yi baƙi ta wajen kukar nan." Can an jima, "Tsohuwa, ya gudu."

Rana ta huɗu ga Salla, bayan la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cik, kaji suka shige akurki da kansu. Sai ga shi. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun la'asar har bayan magariba. Ƙamshin ƙasa ya cika ɗaki. Na naɗe takwara da bargo na zaunar da ita can ƙurya, tana ta leƙe, tana tambaya ko lilo yana jin ruwa.

Da asuba, ina idar da salla, na gan ta tsaye a bakin gadona cikin rigar Salla, ta ɗaura kallabi da kanta, a karkace. A bakin ƙofa kuma ga ubanta da sungumi a kafaɗa, wato doguwar fartanyar da ake saran shuka da ita.

Na fita bayan gidanmu na durƙusa na tona ƙasa da hannu, kamar yadda uwata ta koya mini. In danshi ya tsaya a tafin hannu, ba a shuka. In ya kai wuyan hannu, a yi sauri a ranar. Na tona, na tona, hannuna ya nutse har gwiwa, ƙasa tana nan jiƙe. Irin wannan danshin yana kwana uku. Na sani. Shekara hamsin ina sa hannu a ƙasar nan, ba ta taɓa yi mini ƙarya a kan wannan ba.

Amma ina durƙushe a wurin sai na tuna bara. Na tuna tsiron da ya fito kore shar, ya naɗe, ya zama kamar gashin masara. Na tuna dusar da muka tankaɗe muka tuƙa. Na tuna tulun da ke ƙarƙashin gado, babu wani bayansa. Tsoro ya shige ni ta hannun nan da na sa a ƙasa.

Na dawo, ɗana ya ce, "Inna, yaya?"

Na ce, "Ɗauko tulun."

Ya dubi 'yarsa, ya dube ni. Ya ce, "Inna, ko za ki kai ta? Ni sai in yi sara, in dawo in bi da iri. Abin da ya samu ya samu, gobe ma ƙarasa."

Shi ya faɗa, da bakinsa. Ina so a san wannan, don kada wani ya ɗora masa. Ni na ce a'a. Na ce ramin da aka sara aka bari ya sha iska ba ya riƙe iri. Shuka aikin mutum biyu ne, mai sara a gaba, mai iri a baya, ga matarsa a ɗaki da ɗanyen jego, maƙwabta kuwa kowa ya nufi tasa gonar. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Abin da hannuna ya gaya mini ne kawai ban faɗa ba.

Na tsuguna gaban takwara na ce, "Gobe."

Ta ce, "Washegarin ruwa ya ce."

"Gobe ma ai bayan ruwa ne."

"Gobe layi zai dawo."

"Ba zai dawo ba. Shuka kwana uku ake yi, kowa yana gona har jibi. Gobe da hantsi daga ke sai awaki."

Ta dube ni da idanun nan nata. Ta ce, "To, Kaka."

Ban taɓa ganin yini mai kyan wannan ba. Gari ya yi lumshi, babu rana babu yayyafi, iska mai sanyi tana kaɗawa a hankali. Yinin da yarinya irin takwara za ta yi tafiyarta da ƙafarta ba abin da zai same ta. Ɗana yana gaba, ya taka ya sara, ya taka ya sara. Ina binsa da ƙoƙo, in tsinci iri da yatsu uku in jefa, in rufe da dunduniya. Ko'ina ka duba mutane ne a duƙe, ana ta "barka da ruwa" daga gona zuwa gona. Kafin la'asar sakaliya mun gama babbar gonar. Da muka dawo na tarar da ita zaune a dokin ƙofa. Uwarta ta ce tun safe take nan, ta ƙi cire rigar, wai kada ta yamutse kafin gobe, ta kuma ƙi jingina da bango.

Washegari muka kama hanya tun rana ba ta ɗaga ba. Lissafina bai kuskure ba, gonaki cike suke da mutane, hanya babu kowa. Takwara tana bayana tana ta zuba. Wai jan akwati za ta fara shiga, sannan ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Wai in ta kai sama za ta tofo mini yawu. Da muka kusa gari ta kasa kunne, ta ce, "Tsohuwa, ban ji kukansa ba." Na ce ai babu masu hawa, mu yake jira.

Filin wayam. Awaki suna nan kamar yadda ya faɗa. Inda lilo yake, ramuka huɗu ne cike da ruwa.

Mai kunun zaƙi tana share rumfarta. Da ta gan mu ta saki tsintsiyar. Ta ce, "Iya, sai yau?"

Na ce, "Ina yake?"

"Ya tafi jiya. Shi ma ai manomi ne, ruwan nan har can wajensu aka yi. Tun asuba abokin aikinsa ke cewa su kwance, ya ce a'a, akwai wata tsohuwa da za ta kawo jikarta. Ya shafa wa abin mai, ya goge akwatunan da tsumma. Ya zauna a nan inda kike tsaye, ya sha kunu, yana duban hanya. Sai da aka yi azahar ya ce, to, ƙila jikin yarinyar ne ya tashi. Suka kwance suka ɗora a mota."

Duk lissafin da na yi, na lissafa gonar kowa ban da tasa. Na ɗauka mai lilo lilo kawai gare shi.

Na ce, "Da Babbar Salla fa?"

Ta ce, "In ta faɗo tsakiyar damina ba ya zuwa. Sai baɗi."

Takwara ta zame daga bayana. Ta taka a hankali ta je ta leƙa ramukan ɗaya bayan ɗaya, duk huɗun. Ta tsaya a tsakiyarsu ta ɗaga kai sama, ta daɗe a haka. Mai kunu ta zuba mata kunu a kofi ta kai mata, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta riƙe ba ta sha ba. Sannan ta dawo ta juya ni da hannunta, ta ce, "Goya ni." A tsakiyar kasuwa, ita da ba ta yarda a gan ta a goye.

Ba ta sake yi mini maganar lilo ba. Ko sau ɗaya. Da ta yi kuka, da ta yi mini gori, da na samu inda zan sa kaina. Wasanmu ma bai tsaya ba, tana sace mini goro, tana ce mini tsohuwa mai ɗan haƙori. Sai dai ba ta ƙara roƙona komai ba, ko alewa.

Ana nan, ana nan, damina ta kankama. Ruwa ya zauna, har aka shiga marka, kwana da kwanaki ana yayyafi, bango ya jiƙe, tabarma ta yi sanyi. Ciwon ya tashi. Mun saba yakan yi kwana uku ya sake ta. Wannan bai sake ta ba. Na gasa mata ƙafafu da tsumma mai ɗumi, na yi jiƙo, ubanta ya karɓo rubutu. Rana ta biyar ya ɗora ta a keke ya tura, ina biye da su cikin taɓo, muka kai ta asibiti. Aka ce jininta ya ƙone, aka ɗebi na ubanta aka ƙara mata. Washegari da hantsi, ina riƙe da ƙafarta ina matsawa, ta cika. Saura kwana kaɗan Babbar Salla.

Masu zuwa gaisuwa suka ce kwananta ne ya ƙare. Haka ne. Wata da ta san labarin ta ce ko ta hau lilon ba zai ƙara mata yini ɗaya ba. Wannan ma haka ne, ban taɓa cewa zai ƙara ba. Ba kwana ta roƙe ni ba. Hantsi ɗaya ta roƙa, yana hannuna, na kai shi gona.

Akwai wani dattijo da gonarsa ke iyaka da tamu. Salla ta riske shi a wajen 'yarsa a Karaye, bai dawo ba sai kwana biyu bayan ruwan, ranar ya yi shukarsa. Duk daminar ina wucewa ta gefen gonar nan, ina kallonta ta wutsiyar ido. Tsironsa ya fito kamar namu. Ya yi kara kamar namu. Da kaka ta yi aka yanka, damin da ya ɗaure bai gaza namu ba ko da ɗaya.

Ranar da ake ɗaurin, na ga ɗana tsaye a kan iyakar, ya dubi wannan gona, ya dubi waccan. Ya juyo ya ga ina kallonsa. Ya ce, "Ƙaddara ce, Inna."

Na ce, "Na sani."

Bai ƙara ba, ban ƙara ba, har shi ma ya tsufa.

Geron ya cika rumbu har muka ɗora saura a kan rufi. Rabon da mu ga haka an daɗe. Shi muka ci har wata daminar, jaririn nan ya yi ƙiba da kununsa. Ni nake surfawa, ni nake dakawa, don na hana surukata taɓa turmin. In an zuba mini tuwon nakan zauna da shi har ya huce, sannan in ci, saboda yunwa ba ta bar ni ba.